Munsharin da Malam Bai Ji Ba

Wannan babin saboda ku 'ya'yan Usman nake rubuta shi, ko da yake sauran jikoki ma su karanta. Na san abin da ake faɗa in na ba da baya. Ana cewa kakarku Habboba Hawa, wato ni, ita ce ta kasa riƙe bakinta, ita ta sa kakanku ya shige ɗaki ya ƙi fitowa har Allah ya karɓi abinsa, ita kuma ta sa babanku ya tattara ya koma gonakin Fashaga yana ƙodago kamar wanda ba shi da gida. Ban zo neman afuwa ba, don har yau ban ga abin da zan nemi afuwa a kansa ba. Abin da idona ya gani zan faɗa muku, in kun gama ji ku ci gaba da fushinku in kun ga dama. Na tsufa, ba ni da ƙafar bin ku ɗaki-ɗaki ina bayani.

Hillarmu, wato ƙauyenmu, tana gefen Doka a yankin Gadarif, ta ɓangaren da baƙar ƙasa ta fi danƙo. Bayan gidanmu akwai ɗan kwari da ruwa ke bi da damina, in ka tsallake shi ka shiga jinenar kakanku Malam, wato gonarsa ta itacen hashab. Shi ne itacen da iyayenmu na yamma suke kira dakwara, wanda ake tsaga ɓawonsa bayan damina ya fitar da ƙaro. Filin na mahaifin Malam ne, mutumin ƙasar Haɗeja da ya taso da niyyar Makka, guzuri ya ƙare masa a nan, ya yi aure ya zauna. Amma itatuwan da nake magana a kansu Malam ne ya shuka su da hannunsa, kuma su ne abu na ƙarshe da ya shuka yana gani. Suna kai tsawon mutum idonsa ya fara dushewa. Likitocin Gadarif suka ce ruwan da ya shiga idon ba irin wanda ake cirewa ba ne. Bai taɓa ganin su sun girma ba, da tafin hannu ya san su, kuma jinenar tana da faɗi, ta miƙa har kusa da hanyar mota.

Kun taso kun tarar da kakanku makaho, don haka kun ɗauka zama kawai yake yi a rakuba, rumfar nan ta bayan gida, yana jan carbi. Aiki yake yi, ku ne ba ku sani ba. A da masu satar itace don gawayi da gatari suke zuwa, mutum ya wuni bai kayar da abin kirki ba. Da munshar ya shigo, wato zarto mai inji da ake zuba wa fetur, sai suka samu abin da suke nema. Sai dai shi munsharin fetur ba ya rufa wa mai shi asiri. In aka tayar da shi a ƙarshen daji, har yaron goye sai ya motsa. To Allah da ya ɗauke wa Malam ido sai ya buɗe masa kunne. Ya san muryar kowane munshar a yankinmu kamar yadda na san kukan awakina. Yana zaune zai ce, wancan na Adamu ne, sai ya yi tari kafin ya kama. Wata rana kuma ya ɗaga hannu ya ce, wannan baƙo ne, kuma a jinenar Isa yake. Samari su kwasa da gudu da sanduna, su tarar da abin yadda ya faɗa. Da aka yi haka ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, sai maƙwabta suka daina zagaya gonakinsu. Tsaronmu ya koma na saurare. Ba mai taka jinena daga ƙarshen tsintar ƙaro har lokacin tsaga ya dawo, tunda Malam yana rakuba. Suka sa masa suna Gafir, wato mai gadi, kuma kowace shekara mai jinena zai zo da kwanon ƙaro ya ajiye a gabansa. Ranar da za su zo har gemu yake sa ni in taje masa. Da magariba in ya shigo cikin gida yakan ce jinena lafiya, a kawo tuwo, ni kuma in ce sannu da aiki ranka ya daɗe, hukumar daji ta dawo. Wannan gadin shi ne abin da ya rage masa na zama namiji a cikin maza, kuma kowa a gidan ya san haka.

Babanku Usman shi ma mai munshar ne, amma na halal. Masu manyan gonakin dawa suna ɗaukarsa ya share musu daji. Nasa na fetur ne, ƙato, mai nauyin ɗan akuya. Yana dawowa gida kayansa na warin hayaƙi, kafaɗarsa ta sage saboda jan igiya, in ka yi masa magana sai ka maimaita don kunnensa na ƙara. Da yaƙi ya tashi, fetur ya zama abin da ake nema da roƙo, munsharin ya koma ƙarƙashin gado yana tara ƙura. Da yaƙin ya iso Madani kuma, sai muka wayi gari lori ya sauke mana dangi daga can a ƙofar gida: Zainab ƙanwar Malam da 'ya'yanta da surukanta da jikokinta, har da wata maƙwabciyarsu da ba mu taɓa gani ba. Ba a korar wanda ya gudo. Muka raba ɗakuna, maza suka koma kwana a waje, tukunyar da nake ɗorawa sai ranar suna ta zama ta kullum. Rumbun da muka yi zaton zai kai mu kaka, tun sanyi bai wuce ba na fara jin ƙasansa da ƙwarya.

A wannan tsakanin ne Usman ya je kasuwar Gadarif da tsohon munsharinsa, ya dawo da wani. Wani ɗan gudun hijira ne da ya tsira da ragowar kayan shagonsa ya yi musaya da shi. Da la'asar ce, gida cike, ya durƙusa gaban ubansa.

"Yaba, miƙo hannu ka ji abin da na samo."

Malam ya shafa shi daga hannu har bakin sarƙa, ya ɗaga shi da hannu ɗaya, ya taɓe baki.

"Wannan ai abin wasan yara ne. Ina tankin?"

"Ba shi da tanki."

"Igiyar ja fa?"

"Ita ma babu. Dannawa kawai ake yi."

"To me yake ci?"

"Rana yake ci, Yaba. Batir ne. A kai shi wurin allon hasken rana na bakin rijiya ya sha wuta, shi ke nan."

Suka shiga musu irin nasu. Malam ya tsaya wa na fetur, ko da yake shi ne abokin gabarsa na shekara da shekaru. Ya ce na fetur in ya kama gindin itace ba ya saki, in ya ƙoshi zai wuni yana aiki, kuma mai gaskiya ne, duk inda yake sai ya faɗi sunansa. Usman bai musa ba. Ya ce a kan manyan itatuwan bakin rafi wannan ba zai kama ƙafar wancan ba, kuma in batirin ya mutu a tsakiyar daji sai dai ka zauna ka kalle shi. Amma ba hayaƙi, ba jan igiya, ba bin layin fetur, kuma ƙananan itatuwa yana wuce su kamar wuƙa a cikin kabewa. Aka mirgino wani gungumen itacen talha da muke zama a kai, ya danna. Wani siririn kuka ya yi, irin na keken ɗinki mai wuta, kafin mu gama kallo gungumen ya rabu biyu. Malam ya karkata kai yana saurare har aka gama.

"Na ji shi," ya ce. "Muryar sauro ce da shi, amma na riƙe ta. Duk inda ka kai shi zan gane."

Muka yi dariya gaba ɗaya, har Usman. Ina so ku riƙe wannan, don in ana hisabi zan ba da shaida: a ranar babanku ba shi da wata niyya a ransa. Murnar samun abin aiki kawai yake yi.

Bayan an gama tsintar ƙaro zafi ya shigo, kuma abin da aka samu na ƙaron ya narke a cikin tukunya kafin a ce me. A lokacin Gadarif ta cika ta batse da mutane, tukwanen gas sun zama kayan ado, kowa gawayi yake nema. Sai abinci ya fara shigowa gidanmu. Yau buhun dawa, jibi mai da sukari, wani lokaci har da nama. Gawayi kuwa ba ya yankewa a madafata. Na tambayi Usman, ya ce wani mai gona ne ya ba shi sharar daji can wajen iyaka, itacen kuma nasa ne. Na ce alhamdu lillahi, ban ƙara ba. Wadda take ciyar da gida irin wannan ba ta tsayawa bin diddigin buhu. Da sassafe yake fita da jaki da amalanke, ba ya dawowa sai rana ta yi sanyi. Ya rame, ya daina hira, na ɗauka gajiya ce. Akwai wata safiya da nake dafa wa Malam jabana, gahawar da ba ya fara gadi sai ya sha ta, sai ya miƙo hannu wajen murhun yana jin ɗumin.

"Hajja, wannan gawayi na kirki ne. Ba tartsatsi, ba ya saurin zama toka. Sai ka ce na hashab."

Na ce wataƙila dajin da Usman yake sharewa akwai hashab a ciki. Ya ce Allah ya shirya masu gonakin nan, itacen da ke ba da ƙaro ba a ƙona shi. Ya shanye kofinsa, na kama hannunsa na kai shi rakuba.

Damina ta zo, baƙar ƙasa ta zama abin da kuka sani, ko jaki ba ya tsallake kwarin nan. Da ruwa ya ɗauke, iska ta fara juyawa, Malam ya shiga tambayar Usman ko ganyen hashab ya fara zuba, don zubar ganye ita ke nuna lokacin tsaga ya yi. Kuma al'adarsa ce kowace shekara shi ke fara tsaga da bismillah, sannan a zagaya da shi yana shafa itatuwan yana faɗin wanda ya isa da wanda za a bari. Usman kullum amsarsa ɗaya, da saura. Ran nan bayan ya fita, Malam ya kira ni.

"Hajja, fatata tana gaya min lokaci ya yi, yaron nan yana ce min da saura. Ɗayanmu ya rikice. Daure ki tsallaka ki dubo min."

Na ɗauki sanda na tafi ina mita, don gwiwoyina ba sa son kwarin. Layukan farko suna nan tsaye, ganyensu ya yi rawaya yana zuba, na ce a raina tsohon nan dai fatarsa ba ta ƙarya. Na kutsa ciki ina kare fuska daga ƙaya. Ban yi nisa ba sai na ji babu sauran ƙayar da zan kare. Na ɗaga kai na ga sama a buɗe. Gabana fili ne fetal, ciyawa ta kai ƙugu, can nesa kuma ga hanyar Doka, ga lori yana wucewa da mutane a kan kaya, hanyar da na yi shekara da shekaru ban hango ta daga nan ba. Wallahi abin da ya fara zuwa min shi ne na ɓata hanya, na faɗa gonar wani. Na juya in koma sai ƙafata ta bugi wani abu a cikin ciyawa na faɗi a kan hannuwana. Kututture ne. Na buɗa ciyawar, ga wani, ga wani, a jere yadda Malam ya shuka su. Na zauna a wurin ina ta innalillahi. Ban yi kuka ba, tsoro na ji, irin wanda ban ji ba ko ranar da aka ce mana idonsa ya tafi.

Da farko ɓarayi na zarga, har ina tausayin Usman in ya gani. Da numfashina ya dawo sai na fara lura. Ɓarawo ba ya barin layukan da ke fuskantar gida a tsaye kamar labule. Ɓarawo ba ya yanka ƙasa-ƙasa a tsanake don kututturen ya sake toho. Tsohon sawun amalanke kuma ta can baya ya fita, wajen hanya, inda ko hayaƙin ƙona gawayi ba zai iso hancin mai rakuba ba. Sai maganar Malam ta ranar jabana ta faɗo min. Wato wata da watanni ina tsugune ina fifita itacen mijina, ina dafa masa kofi da shi, ina kai shi ya yi gadinsa. Na dubi hannuwana kamar ba nawa ba.

Ban shiga ta bayan gida ba, na zagaya ta ƙofar gaba don kada ya ji takuna. Na tare Usman a bayan garken awaki da ya dawo. Bai bari na gama tambaya ba.

"Ni ne, Yumma."

"Kai ne me? Faɗi da bakinka in ji."

"Ni na yanke. Mutum nawa kike ɗora wa tukunya? Akwai ranar da kika sauke ta babu komai? Sharar daji ta tsaya tun da yaƙi ya zo, ba mai ɗaukan kowa. Na fara da na ƙarshen gona, na ce kaɗan zan taɓa. Buhu ya ƙare na koma."

"Ba ka da baki ne? Da ka tambaye shi da ya zage ka, ya kwana bai ci tuwo ba, da safe ya ce je ka yanke, 'yar'uwarsa ce ke jin yunwa. Ka san ubanka."

"Na sani. Sau nawa na zo zan faɗa." Ya sunkuyar da kai. "Kullum ta gabansa nake wucewa in gaishe shi, munsharin yana cikin buhu a kafaɗata, ya sa min albarka. Da yamma in ji yana ce miki jinena lafiya. Ta ina zan fara, Yumma?"

Na ɗaga hannu zan mare shi, mutum mai 'ya'ya, sai hannun ya ƙi sauka. Tuwon da ke cikina ma daga wannan buhun ya fito.

Zainab ce ta kawo dabara, don ta ji mu ta bayan zana. Ta ce a rufe. A kai Yaya layukan gaba ya yi bismillarsa, a ce masa ciki akwai macizai bana, a dawo da shi. Ta ce itacen zai toho, shi kuma tsoho ne, a bar shi ya ƙarasa kwanansa da farin cikinsa. Tana faɗa tana hawaye, don ta san bakinta da na 'ya'yanta ne suka ci jinenar. Ba zan ɓoye muku ba, maganarta ta shige ni. Na je na ce wa Malam ganye ya fara amma a ƙara 'yan kwanaki, kuma wannan ce kaɗai ƙaryar da na taɓa yi masa tun da aka kawo ni gidansa. Washegari ina shara kusa da rakuba sai ga Isa maƙwabcinmu ya zo wucewa da 'ya'yansa biyu, kowanne da sanda.

"Gafir, an tashi lafiya? Ya aiki?"

"Aiki da godiya, Malam Isa. Kwanta ka yi barci, ko tsuntsu bai sauka a jinenarka ba."

Isa ya amsa da madalla, amma idonsa yana ƙasa, ƙaramin ɗan kuma ya toshe baki ya juya baya. Na bi su da kallo. Jinenarsu suka nufa. Sun koma zagaye da ƙafa, kuma daga yadda hanyar ta bugu ba ranar suka fara ba. Nan na gane cewa hilla gaba ɗaya ta sani. Masu amalanke sun sani, masu ƙona gawayi sun sani, yaran bakin rijiya da ke sa wa batir wuta sun sani. Mutum ɗaya ne bai sani ba, ga shi zaune ya gyara hula ana gaishe shi da sarautar da aka riga aka tuɓe masa. Ku da kuke cewa da na yi shiru, wannan kuke so in bari? Mutumin da na zauna da shi tun ina yarinya ya zama abin da yara ke toshe baki a kansa? Na jingine tsintsiyar, na ce masa ya tashi mu je ya ji ganyen da hannunsa.

Usman da Zainab suka biyo mu a baya. A layukan gaba ya yi ta shafa itatuwan yana yaba su, yana cewa bana za a sha ƙaro. Da muka fita fili ya tsaya cak, tun kafin in yi magana. Rana ce ta sauka a fuskarsa inda ya saba jin inuwa. Ya miƙa hannu gaba yana lalube, ya juya dama, ya juya hagu. Na kama hannun na durƙusar da shi a kan kututture. Ya daɗe yana shafa fuskar yankan da babban yatsa, ya rarrafa zuwa na gaba, da na gaba da shi, rigarsa tana kwasar ƙaya.

"Har ina?"

"Har hanya, Malam."

"Waye?"

Usman ya durƙusa ya ce shi ne. Na zaci zai yi tsawa, ko ya ɗaga sanda. Bai ko juya wajen ɗan ba. Abin da ya dame shi daban ne, kuma sai da ya buɗe baki na gane.

"Lokacin da kuka kai ni Gadarif ganin likita ne. Ba na nan aka yi."

"E, Yaya, lokacin ne," in ji Zainab da sauri.

Usman ya kau da kai. Ni kuwa na yi shiru, amma shirun nawa ya ji shi, ya san ni.

"Hajja?"

"Wuni ɗaya muka yi a Gadarif, Malam. Wannan aikin bazara guda ne."

"Ni ina zaune a rakuba?"

"Kana rakuba."

"Ba zai yiwu ba," ya ce, a hankali, kamar yana gyara wa ɗalibi karatu. "Na san muryar abin nan. Na riƙe ta."

Ya miƙe da kansa ya ce a mai da shi gida. A hanya bai yi maganar itace ba, bai yi maganar gawayi ba. Da muka iso ya zauna a mazauninsa na kullum, ya ce Usman ya ɗauko munsharin. Ya tambaya ko akwai sauran itace a can ƙarshen gona inda ya fara, Usman ya ce akwai 'yan tsiraru a kan iyaka.

"Je ka yanke min ɗaya ka kawo. Yanzu, ina zaune."

"Yaba, don Allah."

"Ka yanke ba izinina, yanzu da izinina ka kasa? Tafi."

Ya sa aka kwashe yara zuwa ƙofar gida, aka hana mata daka, aka kora awaki can gaba. Iska ma ranar ta kwanta, ko ganye ba ya motsi. Na zauna a gefensa a ƙasa. Ya tura hularsa baya, ya kafa tafin hannu a bayan kunne, ya karkata wajen jinena. Ni ma na kasa kunne iyakar ƙarfina, ina roƙon Allah a zuci ya jiyar da shi ko da kaɗan ne, ko ni ban ji ba. Muka yi ta zama. Can ya ce lori ne a hanyar Doka, kuma da kaya, yana nishi a hawa. Can kuma ya ce jakin Isa ne wancan. Duk gaskiya ne, kunnensa bai rage komai ba. Inuwa ta matsa daga ƙafarsa ta koma gwiwarsa. Sai na hango motsi a layukan gaba. Usman ne ya fito, gangar itace a kafaɗa ɗaya, munsharin a ɗaya hannun. Ya zo bakin kwari ta can tsallake ya tsaya, ya kasa saukowa.

Malam ya ɗan gyara zama.

"Hajja, aika a ce masa ya fara. Yaron nan nauyina yake ji, ya tsaya yana kallon itacen."

"Malam," na ce, "ga shi can bakin kwari. Itacen yana kafaɗarsa."

Bai sauke hannun daga bayan kunnensa nan da nan ba. Ya ɗan ƙara saurarawa.